Ranar Da Na Kwance Wa Biskit Igiya

Gara in faɗa tun yanzu, wannan labari bai ƙare da daɗi ba, kuma ni ne mai laifin. Duk wanda ya san ni a garinmu Kilbrack zai yi mamaki, don ni ne mutumin da kan juyo daga bakin titi ya sake murɗa ƙofa ya ji ko ta kullu, ni ne mai duba murhun gas sau biyu kafin in fita. Matata Breda takan ce da fargaba sana'a ce, da tuni na yi ritaya da kuɗina. Amma ranar Asabar ɗin nan hannuna ne ya kwance igiyar.

Sunana Malachy Tuohy. Shekara ashirin da biyu ina tuƙa tankar madara, ina bin gonaki ina kwasowa. 'Yarmu ɗaya ce, Nuala, shekarunta goma sha biyar. Bara, bayan hutun Kirsimeti, ta daina zuwa makaranta. Wasu 'yan ajinsu ne suka ɗauki hotonta a waya suka yi ta yawo da shi da maganganu marasa daɗi. Ni ban taɓa ganin hoton ba, ba ta yarda na gani ba. Da farko ciwon ciki take cewa, daga baya ta daina ba da dalili, daga baya kuma ko ƙasa ba ta saukowa. Sai dai a ajiye mata faranti a bakin ƙofa, wani lokaci a dawo a same shi yadda aka ajiye. Wata bakwai muna haka. Ina tsaye jikin tanka a tsakiyar gonar wani, hannuna a kan tiyo, hankalina yana kan waccan ƙofar da ke sama.

Matar da asibiti ya haɗa mu da ita, wadda ke zuwa tana magana da Nuala ta bayan ƙofa, ita ce ta ce mu gwada kawo dabba. Breda ta samo wata ƙungiya da ke karɓar karnukan tsere waɗanda suka gama gudu, tana nema musu gidajen zama. Na ce sam. Ni a cikin karnukan tsere na tashi. Mahaifinmu yana da huɗu a rumfa bayan gida, ni da yayana Fintan muke zagayawa da su kafin mu tafi makaranta. Na san su sarai. Ba a sa musu suna don a kira su su zo, ba a shigo da su ɗaki, in sun gama gudu kuma ba a tambayar inda aka kai su.

"Karen tsere a falo?" na ce wa Breda. "Zai cinye kyanwar maƙwabta mu shiga uku."

"To kawo naka maganin," in ji ta. "Wata bakwai kana tsaye a ƙasan bene kana sauraron numfashinta. Ya yi mata me?"

Na bar ta ta kira ƙungiyar.

Shugabar ƙungiyar, Dympna Hanrahan, ta zo da kanta ta duba gida. Gajeriyar mace ce mai furfura, takalman roba a ƙafarta, ba ta da lokacin gaisuwa mai tsawo. Ta auna shingen bayan gida da tef, ta girgiza ƙyauren lambu, ta tambaya ko akwai zomo ko kyanwa a gidan. Sannan ta shimfiɗa takarda a teburin kicin ta bi ta da ɗan yatsa layi-layi.

"In za a fita da karen, da takunkumi a bakinsa. Igiya kuma ba a kwance ta a waje, ko na minti ɗaya, ko a filin da ka rantse babu kowa. Ka ji ni, Malam Tuohy? Maza irinku ne ke ba ni wahala, waɗanda ubansu ya taɓa kiwon kare."

"Ni?" na ce. "Tambayi matata, ni ko tsallaka titi sai na duba sau uku."

"Ga wannan kuma." Ta nuna wani layi. "Ya taɓa karyewa a gaɓar ƙafar baya ta dama, dalilin da ya sa aka sallame shi ke nan. Ta warke, zai yi tafiya, zai yi ɗan tsalle a lambu. Amma gudun fili ya ƙare masa har abada. In aka karya sharaɗi, ƙungiya tana da ikon ɗauke shi."

Na karanta. Na sa hannu da birona.

A watan Agusta aka kawo shi. Baƙi ne, dogo, duk haƙarƙarinsa a waje, da ɗan fari a ƙirji da kumburin tsohon ciwo a ƙafa. Ya tsaya a tsakiyar falo yana rawar jiki. Shekara biyar a duniya bai taɓa shiga gida ba. Bai san bene ba, bai san gilashi ba, sau biyu yana buga goshi a ƙofar lambu. Da aka kunna talabijin ya shige bayan kujera ya ƙi fitowa. Da yamma ya je ƙasan bene ya tsaya yana wani siririn kuka, ya kasa hawa, ya kasa barin wurin.

Sai muka ji ƙofar sama ta buɗe.

Nuala ta sauko rabin bene cikin wata tsohuwar rigar sanyi tawa, gashinta a cukurkuɗe. Ta zauna a kan mataki tana kallonsa. Ni da Breda muna kicin, Breda ta riƙe mini hannu da ƙarfi don kada in fita in ɓata abin. Kwana tara Nuala ta yi tana koya masa hawa, tana ɗaga masa ƙafa ɗaya ta ɗora, ta ajiye gutsuren biskit a mataki na gaba. Daga nan ya samu sunansa, Biskit.

Kare dole a fita da shi. Da farko ni nake fita, ita tana leƙe ta taga. Sai ta ce ba na ɗaura masa rigar ruwa daidai, ta fito bakin ƙofa ta gyara. Sai ta raka mu zuwa kwana. A watan Oktoba ita kaɗai ke kai shi har gadar kogi su dawo, a watan Nuwamba ta koma makaranta, rabin yini. Ta fara cin abinci a tebur. Wata rana na ji tana dariya a falo, Biskit ya kwanta rigingine a kan doguwar kujera, ƙafafu huɗu a sama kamar mataccen kyankyaso. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada su ji ina kuka.

Ban daina tsoro ba. Kullum sai na duba ƙyauren lambu, sai na duba ƙugiyar igiya ko ta yi tsatsa. Na san abin da ke riƙe da 'yata bai wuce wannan siririn karen ba.

Yayana Fintan har yanzu yana da karnuka shida a rumfa, ko da yake rabon da ya ga nasara an daɗe. Ranar wata Lahadi a watan Fabrairu ya zo cin abincin rana, ya tarar da Biskit a kan kujera sanye da rigar ulu mai ɗigo-ɗigo da Breda ta saƙa masa. Ya yi dariya har da tari.

"Wayyo ni, Sarkin Fargaba! Ashe jika aka yi maka ba a gayyace ni suna ba? Ina hularsa?"

"Baffa, ka bar shi, barci yake," in ji Nuala.

"Barci! Da Baba zai tashi ya ga wannan, da ya koma ya kwanta da kansa."

Ya durƙusa, kamar yadda duk mai karnuka zai yi, ya shafa bayansa, ya matsa cinya, ya juya kunnen. Kowane karen tsere yana da haruffa da aka zana masa da koren tawada a cikin kunnuwa tun yana ɗan kwikwiyo, da su ake gane shi a littafin rajista. Fintan ya karanta na dama, ya karanta na hagu, ya ciro waya ya danna. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Malachy. Ka san wanda ke kwance a kujerarka?"

"Biskit."

"Biskit ɗin gidanku. Wannan Walƙiyar Dromin ne."

Na san sunan. Shekara biyu da suka wuce Fintan ya ja ni filin tsere na birni kallon zagayen ƙarshe na wani kofi, ni da na daina zuwa tun da na yi aure. Wani baƙin kare ya fito daga akwati na shida a layin da ake sako karnuka, a kwanar farko ya riga ya ba sauran tazara, mutane suka miƙe tsaye suna ihu, har ni. Daƙiƙa ashirin da takwas da ɗigo arba'in. Na tuna lambar kamar ranar haihuwata. Na dubi karen da ke minshari cikin rigar ulu, na ji wani abu ya motsa a ƙirjina wanda na ɗauka ya mutu tun ina yaro.

Nuala ta janyo bargo ta rufe masa kunnen. "Sunansa Biskit," ta ce.

Daga ranar Fintan bai bar ni na huta ba. Ya kira ni ina tuƙi, ya tare ni a bakin coci.

"Sau ɗaya tak. Mu ga abin da ya rage a jikinsa. Ba caca ba, ba kowa, ni da kai da agogo."

"Ƙafarsa ta taɓa karyewa."

"Ta warke tun yaushe! Na matsa ta da hannuna, ƙalau take. Waccan matar mai takalman roba me ta sani? Ita kare a wurinta jariri ne. Kai dai ka ce tsoron 'yarka kake ji."

"Na sa hannu a takarda, Yaya."

"Takarda. Kare irin wannan ka kulle shi a falo yana kallon talabijin, kai a ganinka tausayi ne? Zalunci ne. Ka dube shi in tsuntsu ya tashi a lambu, ka ga yadda jikinsa ke rawa. So yake ya yi gudu, kai ma ka sani."

Wannan maganar ce ta shige ni, don na sha ganin haka. Amma kada in yi wa kaina ƙarya a takarda: ba don karen na yi ba. So nake in sake ganin abin da na gani a filin nan, kuma in ce nawa ne. Shekara hamsin da ɗaya ina bin bayan tsoro, ban taɓa mallakar abin da ya fi na kowa ba.

Asabar ta biyu a watan Maris, Breda ta shawo kan Nuala su je birni sayen takalma. Rabonta da shiga cunkoson birni fiye da shekara. Ta tsaya a bakin mota tana jujjuya hannun jaka.

"Baba, ƙarfe sha ɗaya za ka fita da shi. Gada kawai ku dawo. Kada ka bi ta gidan masu kyanwa."

"Na sani."

"In ya yi kuka ka kunna masa rediyo. Kada ka ba shi cuku da yawa."

"Ke, tafi abinki," na ce. "Wa ya fi ni iya tsare abu a garin nan?"

Ta yi murmushi ta shiga mota. Motarsu ba ta daɗe da shan kwana ba na ɗauki waya na kira Fintan. Ni na kira shi, ba shi ya kira ni ba.

Ya zo da tsohon keken Babanmu a bayan mota. Haka muke gwada karnuka tun muna yara: a kifa keke, a cire tayar baya a bar ƙarfen wili, a ɗaura doguwar igiya a jikinsa, a ƙarshen igiyar a ɗaura fatar zomo. Mutum ɗaya ya juya feda da hannu, wili ya naɗe igiya, fatar ta riƙa tsalle a ciyawa kamar mai rai. Muka je filin da Fintan ke haya a bayan tsohon injin niƙa. An yi ruwa kwana biyu, ƙasa ta yi laushi. Na faɗa masa haka.

"Laushi ya fi, ba ya cin ƙafa," in ji shi.

Ya kafa turke a tsakiyar fili ya zagayo da igiyar ta bayansa, don fatar ta sha kwana hagu kamar a filin gaske. Na ce mu bar shi a miƙe kawai.

"Gudu ba kwana ai wasan yara ne. Riƙe agogo. A'a, ba ni agogon, kai ka riƙe kare."

Na tsaya a ƙarshen fili da Biskit. Na cire masa rigar, na cire takunkumi. Fintan ya ɗan juya feda, fatar ta motsa a cikin ciyawa. Karen nan da na sani, mai tsoron talabijin, ya ɓace a take. Kunnuwansa suka miƙe, jikinsa ya yi tauri a hannuna kamar ƙarfe, ya fara wani haushi mai kaifi da ban taɓa ji daga bakinsa ba. A wannan lokacin zan iya mayar masa da riga mu tafi gada. Na yi tunanin haka, na tuna fuskar Nuala a bakin mota. Fintan ya ɗaga hannu. Na danna ƙugiyar.

Ba zan ɓoye ba, abin ya yi kyau. Ƙasa tana tashi a bayansa, jikinsa yana naɗewa yana miƙewa, ƙafafun kamar ba sa taɓa ciyawa. Na ji muryata tana ihu, "Tafi! Tafi, ɗana!" Bai fi daƙiƙa goma ba. Ya isa turke, fatar ta sha kwana, ya kwanta hagu ya bi ta, nauyinsa duka ya sauka a kan ƙafar baya ta dama. Daga inda nake na ji ƙarar, kamar an taka busasshen reshe. Ya wuntsila sau biyu. Sannan ya fara kuka irin na mutum.

Da na isa, ƙafar tana lilo daga gaɓa, ƙashi ya huda fata. Duk da haka yana jan jiki wajen fatar zomon. Na rungume shi ina kiran sunansa, ya kama mini hannu da haƙori, ban ji zafi ba sai daga baya.

Fintan ya iso yana haki, agogon har yanzu a hannunsa. Ya duba ƙafar sau ɗaya ya yi tsaki.

"Ta tafi. Wannan ba ta gyaruwa." Ya juyo gare ni. "Saurara, Malachy. Sa shi a motata. Akwai mutumin da nake kai wa, minti biyar ne, ba zai ji komai ba. Ka ce wa yarinya ya tsere ta ƙyaure. Sati mai zuwa in samo mata wani baƙin, ɗari ne a ƙasar nan suna neman gida. Har mai farin ƙirji zan samo."

Bai faɗa da mugunta ba. Haka Babanmu zai ce, haka na sha ji ina yaro ban ga laifinsa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na tsaya na saurara har ya kai ƙarshe.

"Buɗe mini bayan mota," na ce. "Likitan dabbobi za mu."

"Kai dai ba ka canzawa."

Likitar ta karɓe shi, ta yi masa allura, ta ɗauki hoton ƙashi. Ta ce gaɓar ta farfashe a kan tsohon wurin, za su gwada haɗa ta da ƙarfe, in bai kama ba sai yankewa. Ta tambayi yadda aka yi. Na ce ya ga kyanwa a kan shinge ya yi tsalle ya faɗo a kan siminti. Ta dubi lakar da ke cushe a farcensa, ta dube ni, ta rubuta abin da na ce.

Ƙarfe uku su Breda suka dawo. Nuala ta shigo da kwalin takalma a hannu, kumatunta ja, tana cewa, "Baba, har kantin littattafai na shiga ni kaɗai!" Sai ta ga kujera ba kowa, ta ga bandeji a hannuna.

Na maimaita mata ƙaryar. Da na faɗa sau biyu har ta fara zama mini sumul a baki. Na yi zaton za ta yi mini ihu, na shirya wa hakan. Ba ta yi ba. Ta ajiye kwalin a ƙasa a hankali.

"Ni yake nema," ta ce. "Bai taɓa yini ban nan ba. Ni yake nema ya hau shingen."

"A'a, kyanwa ce, Nuala."

"Da ban fita ba da yana nan. Na san bai kamata in fita ba. Na gaya wa Mama."

Ta hau sama. Muka ji ƙofar ta rufe, muka ji makulli. Breda ta kai abincin yamma ta dawo da shi.

Washegari Lahadi ban je coci ba. Breda ta dawo ta same ni a kicin. Ta ajiye takalmana na aiki a kan tebur, a kan tebur ɗin da muke cin abinci, laka ta bushe a jikinsu da ciyawa.

"Siminti," ta ce. "A lambun namu?"

Na gaya mata komai. Ba ta ɗaga murya ba, Breda ba ta ɗaga murya in ranta ya ɓaci da gaske.

"Shekara goma sha biyar kana hana ta hawa bishiya, kana hana ta zuwa kogi. Yanzu tana can sama tana cewa ita ta karya shi don ta je sayen takalma. Ko ka hau ka gaya mata, ko ni in hau. In ni na hau, ka nemi wurin kwana a rumfar yayanka."

Na hau. Na zauna a ƙasa na jingina da ƙofarta, na faɗa wa katako abin da na yi, tun daga kiran waya har zuwa turke. Na gaya mata ni na kira Baffanta, ni na cire takunkumi, ni na danna ƙugiya. Na ce fitarta ba ta da alaƙa da komai, da ba ranar ba da wata ranar zan yi. Abin da Fintan ya ce a yi da karen kaɗai na bari a cikina.

Sannan muryarta ta fito daga dab da ƙofa, ashe ita ma a ƙasa take zaune.

"Ka jira sai da na fita."

"E."

"Ka ce in tafi abina."

"Na faɗa."

"Ya yi sauri?"

Na ce, "Ya yi sauri ƙwarai."

"To ka ji daɗi," ta ce.

Ranar Litinin na kira Dympna Hanrahan da kaina, kafin likita ta riga ni. Ta saurara har na gama.

"Na faɗa maka a kicin ɗinka," ta ce. "Na nuna maka da ɗan yatsa. Kun ci da gudunsa har ƙafa ta karye, an ɗinke shi an ba ku ku ajiye, kun sake mayar da shi fili. Me kuke so da su ne, ku mutanen nan?"

Ta ce in an sallame shi daga asibiti gidanta zai wuce, ita za ta yi jinyarsa. Kwamitin ƙungiya zai zauna ƙarshen wata ya duba ko za a dawo mana da shi. Na roƙe ta, na ce ba don ni ba, don yarinyar. Na ce in sharaɗin shi ne kada in ƙara taɓa igiyarsa har abada, na yarda, a rubuta.

"Ka riga ka sa hannu sau ɗaya," in ji ta. Amma kafin ta ajiye waya ta ce Nuala tana iya zuwa ganinsa duk ranar da take so, muddin uwarta ce za ta kawo ta.

Breda ta faɗa wa Nuala ta bayan ƙofa. Gidan Dympna tafiyar minti arba'in ne a mota, sai an ratsa ta tsakiyar gari. Nuala ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Fintan ya kira sau biyu ban ɗauka ba. A na uku ya turo saƙo, wai kafin kwanar karen yana kan lokaci mai kyau ƙwarai, ga mai shekara biyar. Na san a ganinsa ta'aziyya ce yake mini.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan. An yi aikin, an sa ƙarfen, likita ta ce sai an sake ɗaukar hoto nan da sati uku kafin a san ko ƙashin ya kama. Nuala ba ta je makaranta ba tun ranar. Tana buɗe wa uwarta ƙofa, tana cin rabin abin da aka kai. In ta ji takuna a bene sai ta yi tsit har in wuce. Jiya Breda ta ce Nuala ta tambaye ta ko motar tana da mai, ba ta ƙara komai a kai ba, ni kuma na hana kaina fassara maganar.

Ban sani ba ko ƙafar za ta tsira. Ban sani ba ko kwamiti zai dawo mana da shi. Ban kuma sani ba, ko da an dawo da shi, ko Nuala za ta sake saukowa.